Wardin Yalwawa da Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Yalwawa, Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki Kabiru. Allah ya sauke ku a Jos lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya, ya sa ku shiga garin da ƙafar dama. Zan ba ƙanwarki Maryam ta cusa miki ita a ƙasan akwati, kuma na ja mata kunne kada ta bari ki gani sai kin sauka. Na san za ki yi mamaki. Muna gida ɗaya, ƙofar ɗakina tana kallon taki, amma a ce sai da biro da takarda. To, haka Allah ya yi uwarki, bakinta yana da nauyi a inda bai kamata ba.

Jibi za a kai ki. Kabiru ya gaya wa babanku akwai fili a bayan gidan da ya kama, kuma kin ce furanni za ki shuka ki riƙa yanka kina sayarwa, kamar yadda kika taso kika ga ina yi. Ba ki tambaye ni komai ba. Karatun gona kika yi, kina da takardu, na sani. Amma akwai abin da ba ya cikin takardunki, kuma ni na saye shi da tsada, shi ya sa zan zayyana miki.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Ranar Talatar da ta wuce ina bayan sito ina wanke bokitai, na ji kina ce wa Maryam, "Ni ko na tafi Inna ba abin da za ta ji, in dai wardinta yana nan." Kika yi dariya, ita ma ta yi. Ni kuwa na tsaya da soso a hannu har ruwan ya tsiyaye. Idan na bar ki kika hau mota da wannan magana a ranki, da ita za ki zauna, da ita za ki haifi naki, kuma laifina ne. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, ko da surutun ya yi miki yawa.

Shekarar da aka yi mana jiha, aka kwaso su babanku daga Kano aka zube a Dutse, ba ofis ba gida. Yalwawan nan da kike gani yanzu cike da katanga, a lokacin gonaki ne da itatuwan dabino, sai duwatsu suna leƙo mu ta kowane gefe. Da yamma in ka hau tudu kana iya ƙirga gidajen da suka kunna fitila. Ina kewar wannan lokaci ƙwarai. Kowa baƙo ne, saboda haka kowa na kowa ne, wanda ya samo ruwa sai ya raba da na kusa da shi. Ni aka ba ni aji uku a firamare. A shekarar ce kuma aka dawo mana da ke daga Miga, inda kike wajen kakanninki tun da aka yaye ki, kina da shekara bakwai, kina kallona kamar wata malamar asibiti.

Maƙwabciyarmu ta dama ita ce Madam Rifkatu, nas ce a asibiti, mutuniyar wajejen Jos. Kin tuna ta, doguwa mai dariya da ƙarfi. A barandarta na fara ganin wardi mai rai, jajaye a cikin gwangwanayen madara, ta taho da su daga garinsu. Kafin nan ni fure a wajena na roba ne, irin wanda ake sayowa daga Kano a ba 'yan mata su miƙa wa manya ranar buɗe ofis. Na tsaya ina shinshinawa kamar wata ƙauyiya, to ai ita ce ni. Ta ce, "Malama, kina so?" Ta ba ni gwangwani uku. Ita ce kuma ta sa mini tunanin sana'ar. Ta ce matan ma'aikata suna nema, cocinsu yana nema duk Lahadi, masu biki suna nema, kuma duk garin ba mai yi.

Da kakanku Baffa ya zo daga Miga ya ga na share bayan gida na ja fangali, ya zagaya da sandarsa a kafaɗa, ya duƙa ya duba.

Ya ce, "Ana miya da shi?"

Na ce, "A'a, Baffa."

"Shanu suna ci?"

"Ba sa ci, Baffa."

"To magani ne?"

Na ce, "Kallonsa ake yi."

Ya miƙe ya gyara sandarsa. Can ya ce, "Ikon Allah. Mun sa ki boko, ga abin da ya haifar." Amma bayan mako biyu sai ga akori-kura ta tsaya a ƙofar gida da buhunan kashin shanu, wai in ji Baffa a zuba wa abin kallo. Allah ya jiƙansa, haka yake, ya yi maka ba'a da baki ya taimake ka da hannu.

Wannan taki shi ne kuskurena na farko. Ɗanye ne, ko sati bai yi da barin garke ba, yana tururi in ka tona. Rifkatu ta leƙo ta katanga ta ce in tara shi a gefe in rufe, in bar shi ya huce wata da watanni. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na ce, "Madam, allura da magani naki ne, amma a kan kashin shanu ba za ki koya wa 'yar Fulani komai ba." Na jibga shi har gindin kowane dashe, ina ganin gata na yi musu. Kwana huɗu ganyen ya fara ƙonewa daga baki, kamar an gifta masa wuta. Cikin ukun da ta ba ni da 'ya'yan da na ciro daga jikinsu, ɗaya ne ya tsira, shi ma don takin ya ƙare kafin in iso kansa. Kusan duk wardin da yake gidan nan yau jikokin wannan ɗaya ne.

Saboda haka, takin da bai yi baƙi ya daina wari ba, kada ki kai shi kusa da saiwa. Kuma za ki tarar da mutanen da suka fi ki sanin ƙasar can, wataƙila tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa. In ta leƙo ta ce miki kaza, ki ajiye takardunki ki saurara. Kin gaji taurin kaina, na gani tun kina ƙarama, kada ki ce ban faɗa miki ba.

Na biyu, haɗama. Da damina ta sauka komai ya yi kore, na ga kamar ni ce sarauniyar noma. Na cika bayan gida, na ari filin da ke gefenmu da ba a gina ba, na cika shi da furen kan-zakara da mai ruwan ƙwai ɗin nan mai wari, da fararen da ke buɗewa da safe. Ban yi shawara da rijiya ba. Ƙasar Dutse kin san ta, ka tona kaɗan ka ci karo da dutse. Da bazara ta kama, guga ya fara dawowa da laka. Babanku mutum ne mai haƙuri, amma ranar da ya nemi ruwan alwala ya tarar na juye wa kan-zakara, ya ce, "Malama, su ma sallah za su yi?" A wannan wata na riƙa tsayawa da bokiti ɗaya a tsakiyar lambu ina zaɓen wanda zai sha da wanda zai mutu. Ban taɓa yin aiki mai ciwo irin wannan ba. Abin da rana ta bari kuma awakin unguwa suka ƙarasa, don darnin kara na yi, su kuwa darnin ma abinci ne a wajensu.

Na ji ana cewa Jos akwai sanyi da ruwa, har ina jin kishinki. Duk da haka kada ki auna lambunki da damina. Ki zauna shekara guda ki ga yadda rijiyarki take a watan da ya fi kowane tsanani, abin da za ta iya shayarwa a wannan wata shi ne girman lambunki. Ki fara da fangali huɗu ko biyar, ki san halin kowanne. Ki yi shinge kafin ki yi shuka. Ban ruwa kuma da sassafe ko da la'asar sakaliya, a gindi, kada ki jiƙa fuskar furen.

Na uku shi ne babba, kuma a nan ne kika shigo.

Mu mutanen gero ne da dawa. Tun ina yarinya abin da na sani shi ne ba a taɓa amfanin gona sai ya nuna. Wanda ya yanke zangarniya ɗanya, ko mahaukaci ne ko ɓarawo. Da wannan kai na shiga noman fure. Sai in bar wardi ya buɗe ya baje iya bajewarsa, ya yi kyan da ba zai ƙara wani a kai ba, sannan in yanka. Kuma sai na taso daga makaranta da azahar, rana tana tsakiyar ka, in ɗaure su a cikin jarida in kai. Kafin in isa gidan mai saye sun sunkuyar da kai, kafin gari ya waye sun zube a kan tebur. Wata matar babban sakatare ta taɓa aiko mini da su a leda, ta ce a gaya wa Malama ta gode da ganyen shayi. Rifkatu ta sha gaya mini a wajensu tun yana dunƙule ake yanka. Na ce mata wa zai ba da kuɗinsa ya sayi abin da bai nuna ba? Na ɗora laifin a kan zafin Dutse na ci gaba da abina.

Kina aji huɗu ƙanwar Rifkatu za ta yi aure a cocinsu, ranar wata Asabar. Ta ce ni za ta ba aikin furen gaba ɗaya, na amarya da na tebur. Ba a taɓa ba ni aiki mai girman wannan ba. Wardin ya yi mini biyayya a shekarar, ya ƙulla kai fal, na lissafa ranar Asabar da safe zai kasance a baje. Na bi na hana kowa sakat a gidan nan, ko kaza ba ta isa ta gifta ba.

Ranar Laraba kika dawo daga makaranta da gudu, takardar sakamako a hannunki. Ina duƙe a lambu ina duba bayan ganye, Goggo Dije, yayar Baffa, tana zaune a kan tabarma a bakin sito, ta zo mana kwana biyu. Kika tsaya a kaina kina haki, kika ce, "Inna, na zo na ɗaya." Na ji ki sarai. Wallahi sai da zuciyata ta yi tsalle. Amma ke 'yar fari ce, ga Goggo tana kallo, kuma yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta san yana wajen. Fulako ke nan, da shi ake auna ko mace ta samu tarbiyya. Ban ɗago ba. Na ce, "Ajiye can, kada ki taka mini dashe." Goggo ta gyaɗa kai, ta ji daɗi 'yar ƙaninta ba ta lalace a birni ba. Ke kuma kika ajiye takardar a kan turmi kika shige ɗaki.

Alhamis bayan na idar da sallar asuba na fito da bokiti, na tarar da lambu kamar an yi masa aski. Duk wani kai da ya ƙulla an yanke shi da dogon kara, ba a bar ko ɗaya ba. Na zauna a ƙasa daɓas. Na zaci awaki ne, amma akuya ba ta yanka da reza. Da na shiga ɗakinku na ga yatsunki duk ƙaya ta tsattsage su, ban ma tambaya ba kika ce, "Ni ce." Idonki a bushe, kina kallona ido cikin ido, abin da ba ki taɓa yi ba.

Ban dake ki ba, kin sani. Da dukan na yi da ya fi sauƙi. Na juya na ce wa babanku, a gabanki, "Yarinyar nan gara a mayar da ita Miga." Na ga yadda maganar ta shige ki. Babanku ya ce ba inda za ki, aka bar zancen, amma daga ranar ba ki ƙara kawo mini takardar sakamako ba, sai dai in ji a bakin malamanku.

Wuni biyu ina neman yadda zan fuskanci Rifkatu. Ranar Juma'a da la'asar na ce bari in ɗebo gero a sito in ba da a surfa, sannan in je in faɗa mata gaskiya. Ina tura ƙofar ƙamshi ya tare ni. A bayan buhuna, a lungun da ya fi ko'ina sanyi da duhu, ga bokitin wankina cike da ruwa, ga wardina a tsaye a ciki. Ashe da kika yanke tsoro ya kama ki, kika tsoma su a ruwa kika ɓoye, wai ko za su rayu. Sun sha ruwa sun miƙe, kowanne ya fara buɗe baki kaɗan, ganyen a tsaye kamar yanzu aka yanko. Tunda nake ban taɓa ganin furena da kyau irin na ranar ba.

Na kira Rifkatu ta katanga. Ta shigo ta gani, ta dafa ƙirji ta ce, "Malama! Yau kin ji maganata ke nan. Da asuba kika yanka, ko? Kika sa a ruwa nan take? Haka ake yi! Wa ya nuna miki ki sa a duhu?"

Kina tsaye a bayan labulen ɗakinku, ina ganin ƙafafunki. Abin da ya kamata in ce a fili yake. Sai na ce, "Haka dai Allah ya yi." Ƙafafun suka juya suka koma ciki.

Furen nan ya yi bikin Asabar, ya yi musu Lahadi, Rifkatu ta ce har Talata yana kan teburinta bai zube ba. Daga wannan biki ne aka san ni a Dutse. Duk wanda ya zo sai ya ce na Malamar Yalwawa yake so, mai daɗewa. Tun daga ranar nake yanka da asuba, tun yana dunƙule ya fara nuna launi, in yanke karan a karkace, in tsige ganyen ƙasa, in tsoma a ruwa kafin in taka taku uku, in kai sito ya huta. Haka za ki yi ke ma, kuma bokitin ya zama wankakke kamar wanda za ki sha ruwa a ciki. Amma ina jin kunyar koya miki, don a wajenki na koya. Shekara goma sha biyar ana yabona da aikin yarinya 'yar shekara goma, ban taɓa buɗe baki na ce nata ne ba.

Saura guda ɗaya, ita ma ba ta da daɗin faɗa. Lokacin da aka kawo shari'a na yi murna kamar kowa, har yau kuma ina yi. Amma a watannin labarai marasa daɗi suka riƙa zuwa daga wasu garuruwa, baƙin da ke cikinmu suka tsorata, wasu suka fara neman canjin wajen aiki. Wata rana a Islamiyya wata mata, ba zan faɗi sunanta ba don kin san ta, ta ce mini a gaban jama'a, "Malama, har yanzu ke ce mai yi wa coci kwalliya?" Aka yi 'yar dariya. Ba wata hukuma da ta hana ni, ba malamin da ya ce mini haramun ne. Babanku ma cewa ya yi, "Maƙwabciyarki ce, haƙƙinta yana kanki, ki rabu da masu surutu." Amma bakin mata ya fi ƙarfina. Asabar ta zo Rifkatu ta leƙo da fara'arta neman furen coci, na ce mata babu, rana ta ƙone su. Tana hango su ta bayan kafaɗata jajaye fal. Ta ce, "Ba komai, Malama." Ta sake zuwa sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara tambaya ba, sai gaisuwa daga nesa.

Ba a daɗe ba ita ma ta samu canjin wajen aiki, za ta koma garinsu. Ranar da motar kayanta ta zo, da hantsi ne. Tun asuba na yanka mata dami guda na sa a ruwa. Na sa mayafi, na ɗauka, na zo har zaure. Ina jin muryarta tana sallama da mutane, ina jin ana ɗaure kaya. Na ce bari mutane su ragu. Na ce bari in ji ta matso kusa. Ina nan tsaye har motar ta tashi. Da na buɗe ƙofa na tarar ta jera mini gwangwanayenta guda bakwai a bakin dakali, ta ba su ruwa. Shekara tara muna katanga ɗaya, ko sunan ƙauyensu ban riƙe ba, balle in aika mata da takarda.

Sana'a kam ba ta mutu ba. Masu sayen wardi sun ragu, sai na koma yasmin da lalle don amare, na riƙa kai wa masu walimar saukar karatu da masu zuwa duba marasa lafiya. A nan ma akwai darasi, kada ki jingina da masu saye iri ɗaya, gari yana juyawa. Amma abin da nake so ki riƙe ya wuce ciniki. Inda za ki, za ki zauna da mutane iri-iri, wasu ba addininku ɗaya ba, wasu ba yarenku ɗaya ba. Ki riƙe sallarki, ki riƙe mutuncinki, kuma wanda ya yi miki alheri kada ki bari bakin wasu ya sa ki juya masa baya. In kina da godiya a baki ki faɗe ta a ranar. Ni na tsaya jiran mutane su ragu.

Na ciro miki dashe uku daga tsohon wardin, na kafa su a gwangwanin madara, sun kama. Maryam za ta sa su a mota, ki riƙe su a ƙafarki kada a ɗora musu kaya. Ƙasarsu za su koma, ina jin za su fi jin daɗi a can fiye da yadda suka ji a hannuna. In Allah ya sa wata rana kika ga wata doguwar tsohuwar nas mai dariya da ƙarfi, ki gaishe ta, ki ce Malamar Yalwawa ta ce ranar nan akwai fure, ƙarya ta yi mata, kuma ranar tafiyarta ta zo har zaure. Na san Jos da faɗi, ba na sa rai sosai. Amma ki riƙa dubawa.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wata tsohuwar takarda ta yi ja, ta karye a wajen ninki. Ita ce wadda kika ajiye a kan turmi. Da Goggo ta shiga ɗaki na ɗauke ta, na karanta a bayan sito, na sake karantawa, na yi kuka har majina. Tun ranar tana ƙasan akwatina a cikin zanen aurena. Duk sanda aka ce kin ci wata jarrabawa, sai in rufe ƙofa in ciro ta in duba. Babanku ya sha kama ni, ya ce, "Ki fita ki gaya mata mana." In ce masa ai ba a yi.

Ban ce al'adarmu banza ce ba. Iyayenmu sun yi ta da kyakkyawar niyya, ni ma haka Innata ta yi mini, kuma na san tana sona. Sai dai ni a rugar da na tashi kowace 'yar fari haka ake mata, ba wadda ta ga bambanci. Ke kuwa a Yalwawa kika tashi, kina ganin ina kiran Maryam da sunanta, ina goya ta, ina kuma durƙusawa ina yi wa wardi magana kamar mutum. Me yarinya za ta ɗauka? Hannun nan da kike gani yana lallaɓa ganye, sau da yawa kanki yake so ya shafa, ya rasa hanya. Wannan bai wanke ni ba. Na cuce ki ranar Laraba, na ƙara ranar Alhamis, na cika ranar Juma'a. Ki yafe mini don Allah.

Kin ce ba abin da zan ji. To ki sani, tun da aka sa ranar nan abinci ba ya mini daɗi. Jibi in mota ta zo, wataƙila ki ga ina ta kai da kawo da kwanuka, ina yi wa mutane faɗa, ban kalle ki ba. Dangin Miga za su cika gidan, kuma tsohuwa ba ta canja hali a kwana biyu. Amma na yi wa kaina alkawari wannan karon ba zan tsaya a zaure ba, zan fito har bakin mota, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Yau da asuba da na gama yanka, ba kowa a lambu, na gwada kiran sunanki da ƙarfi. Sau biyu ya maƙale. Na uku ya fito, har tattabarun babanku suka tashi. Ashe suna ne mai daɗi a baki, ni na zaɓa miki shi kuma, na raɗa wa babanku tun kina ciki, ko wannan ba ki sani ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya zaunar da ku lafiya. Allah ya sa albarka a aurenki da ƙasarki da ruwan rijiyarki, ya ba ki maƙwabta irin wadda ya ba ni, ya sa ki fi ni riƙe su. Ya tsare ki daga sharrin mutum da aljan, da dare da rana. Ki gaida Kabiru, ki ce na ba shi amana. Babanku yana sa miki albarka.

Kin zo na ɗaya, na ji, kuma na yi murna. Allah ya yi miki albarka, Halimatu.

Wassalam.

Ni ce Innarki.